Tafin Hannun Eleuterio

Shekara arba'in da ɗaya yana kan teku,
bai taɓa amai ba, in ji shi,
ko daren da guguwa ta kifar da kwale-kwalensa
gab da tashar Valparaíso.
Kawa ma ɗanya yake haɗiyewa, da gishirinta.

Yau ga shi a kujerarmu,
cokali guda na ƙullu mai ruwan hoda ya gagare shi.
Da ya taɓa ganɗa sai maƙogwaro ya yi tawaye,
kafaɗa ta taso, ido ya kawo ruwa.
Sau uku ke nan. Likita Urrutia ta saci kallon agogo.

Haƙora yake so kafin Asabar ta sama.
Jikarsa za ta gama makaranta,
shi kuma ya gaji da rufe baki a hoto.

Na ce, lanƙwasa babban yatsan hagu cikin tafi,
ka dunƙule, ka matse.
Ya ɗago hannun yana dariyar dasashi.
Babu yatsan.
Igiyar koma ta tafi da shi tun ban zo duniya ba.

To, kawo nan.
Na kafa nawa a tsakiyar tafinsa,
inda kanta ta yi kauri kamar gindin tukunya,
na danna har farcena ya yi fari.
Shaƙa ta hanci, Baba. Ƙirga mini jiragen da ke tasha.

Kada a tambaye ni dalili.
Wasu sun ce jijiya ce ke kai saƙo,
wasu sun ce wayo ake yi wa hankali,
kamar a nuna wa yaro tsuntsu a soka masa allura.
Na ga waɗanda bai yi wa rana ba.
Ni kaina ina cikinsu.

Minti biyu ƙullu ke nema ya daskare.
Maƙogwaron ya motsa sau ɗaya,
kamar kare da ya ji sawu a waje,
ya koma ya kwanta.

Likita ta zaro cokalin.
Ga bakinsa nan kwance a ciki, tudu da kwari,
har gurbin turmin da aka cire bara.

Shi bai ko kalla ba.
Tafinsa yake duba,
farin tabon da na bari
yana cikowa da jini a hankali.
Ya ce, "Jirgi tara na samu.
Na goman na ƙanena ne, ya nutse tuntuni,
amma na sa shi."