Makullin Tanki

Ni ne gardi. Ba a tambaye ni ba.
Na shimfiɗa tabarmi a gindin bedi,
na jera benci huɗu, ɗaya gurgu,
na koma bakin ƙofa da makullaina.

Alhaji Barma ya fara miƙewa.
Ya ce lakwal ba addini
rijiya ce ba ruwa, sai zurfi.
Yaro ya haddace kogunan Turai,
bai san farillan alwala ba.
Ku dubi ƴan fale da ke tare hanya da dare,
wa ya yaye su in ba baƙin allon nan ba?

Mushe Zabairu ya goge alli a wandonsa.
Ya ce, Alhaji, wannan inuwar ta kowa ce.
A ajina akwai ɗiyar Istifanus mai gyaran rediyo,
in na buɗe darasin, ina zan ajiye ta?
Kuma wanda ya cinye kuɗin rufin aji uku,
ba a sahun baya yake salla ba.

Sai wuri ya kaure.
Wani na istigfari, wani na cewa a bar shi ya ƙare.
Akuya ta shigo ta cinye rabin takardar sunaye.

Ni kuwa shekara sha tara ina riƙe da ƙofar nan.
Damagaram gari ne na dutse da ƙishi,
famfon Garin Malam kan yi mako bai ce uffan ba,
shi ya sa nake kulle tanki kamar banki.
A bakinsa na karanci yara
fiye da yadda ake karanta su a kaye.

Na ga Laminu, mai izu ashirin a ka,
ya ture ƙaramin yaro, ya shanye rabonsa.
Laminun nan dai, wata Laraba,
ya tsinci jika biyu a bayan aji,
ya kawo mini, hannunsa na rawa.
Na ce, wa ya gan ka?
Ya ɗaga ido sama, ya tafi.

Na ga Rahila, ɗiyar mai rediyo,
ta miƙa gorarta ga wadda ta zage ta jiya.
Na ce, a coci aka koya miki?
Ta ce, Baba, leɓenta ne ya tsage.

Mushe Zabairu, sai idi nake ganinsa a sahu,
amma shi ya goya Tsahara har asibiti
ya ci bashin magani da sunansa.
Alhaji Barma, mai faɗa kamar aradu,
shi ke turo ga-ruwa kafin asuba,
ya ce in na faɗa wa kowa bai yafe ba.
Ga shi na faɗa.

Saura ni.
Salla biyar ba ta wuce ni tun ina saurayi.
Shekarar da matata ta kwanta
na sayar wa mai wanki bokiti shida na ruwan yara,
na yi alwala da ragowar.
Har yau ban san me zan kira wannan sallar ba,
na dai san ita ta hana ni barci
har na mayar da shida, na ƙara biyu.

Ladan ya kira la'asar,
taro ya watse ba a yanke komai ba.
Alhaji ya girgiza buta, wayam.
Mushe ya ce, Gardi, buɗe masa tanki.

Na buɗe. Ruwa ya sauka can ƙasa,
bai fi tafi goma ba.
Ƴan ajin yamma na tsaye da kofunan roba,
ba wanda ya yi magana.

Alhaji ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.
Ya ce, ba su.
Ya tattare babbar riga, ya durƙusa,
ya buga tafinsa biyu a ƙasar lakwal.