Malam-buɗe-littafi a Kunnen Hagu

Daren Talata ya fara,
bayan na kashe injin niƙa, na karkaɗe garin gero daga gira.
Zango ta yi tsit,
in ban da kabu-kabu ɗaya can wajen Kasuwar Dole.
Sai fir, fir-fir, cikin kunnen hagu,
kamar malam-buɗe-littafi ya faɗa tulu ya rasa baki.

Ba zafi, ba ruwa. Fiffike kawai.

Gwaggo Barira ta ce zancena ake a Garin Malam.
Wa zai yi zancen mai niƙa,
in ba wadda garinta bai yi laushi ba?
Tanimun ya haska da fitilar salula,
ya ga duhu, ya ce ƙwaro ne.
Na tura gashin kaza, na murza har idona ya kawo ruwa.
Baƙon ya ɗan lafa, ya sake buɗe littafinsa.

Kwana tara na yi kafin in bi layin asibiti.

Likitar ta leƙa da ɗan madubi mai wuta.
Ta ce: babu ƙwaro, babu dauɗar da ta toshe,
babu silin gashi kwance kan gangar kunne.
Ka yi mura? Akwai siririyar hanya daga kunne zuwa maƙoshi,
in ta kumbura, iska kan yi ta buga ƙofa.
Na ce rabona da mura tun damina.
Ta ɗaure mini damtse, ta matsa, ta dubi allura:
jinin ya ɗan hau, ba can ba.
Da shi ne, da tare da zuciya zai riƙa bugawa.

Sannan ta tambayi sana'ata.

Ashe can ciki akwai wata tsoka,
ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
aikinta ta ja ganga in ƙara ta yi yawa.
Shekara goma sha bakwai tana dako tsakanina da inji,
ba lada, ba sannu.
Yanzu rawa take, yadda fatar ido kan yi wa wanda bai yi barci ba.

Shayi nawa a wuni? Na ce uku.
Ta dube ni. Na ce bakwai, ban da goro.

Na fito da abin toshe kunne da takarda guda:
barci, rage shayi, in dawo in jiri ya zo ko ji ya ragu.

Yau Juma'a, inji na hutawa.
Na hau duwatsun Birni na zauna,
ina jin guga na sauka a wata rijiya nesa,
ina jin tattabaru.
Ya yi fir sau ɗaya, a hankali.
Na ce: na ji, ƙaramin ɗan dako. Sannu da aiki.