Dabino Takwas

Bakin anfi na same shi, safiyar Litinin,
jaka ɗaure da igiya, takarda ta jiƙe da gumin hannu,
yana duban ƙofofi kamar mai cigiyar raƙumi.
Harisu, daga Keita.
An rubuta sunansa ƙarƙashin nawa, aka ce: naka ne, riƙe shi.
Ni da ban gama riƙe kaina ba.

Na fara da abin da littafi bai ɗauka ba.
Mai son benci ya zo da alwalar asuba,
wanda ya makara taga ce rabonsa.
Kada ka tsallake gada da kuɗin zuwa kaɗai.
Mai kopto ta bayan katanga tana ba da bashi
in kuɗin karatu sun yi nawa,
amma fa ka gaishe ta da Zabarmanci.
Sau uku ya ce fofo, harshe na tuntuɓe,
ta yi dariya har ta ƙara masa ƙuli.

Ranar da aka yaye mayafi a ɗakin sanyi
warin magani ya riga malami magana.
Na tarar da shi gindin bedi, kai tsakanin gwiwoyi.
Kwana tara bai kalli nama ba.
Ban ce masa namiji ba ya haka ba.
Na ce ni sha biyu na yi,
kuma har yau ina yi wa mutumin addu'a.

Dare, wuta ta ɗauke, kwaɗin Isa suna ta musu.
Na jera dabino takwas a kan tabarma,
huɗu gaba, huɗu baya:
ga ƙasusuwan wuyan hannunka.
In ya faɗi suna daidai, ya ci.
In ya kuskure, ni na ci.
Makon farko na ƙoshi.

Fassuma ce ta yi mini haka, da gyaɗa.
Tana Abalak yanzu, ita da ma'auni ɗaya da layin uwaye.
Ban taɓa ce mata na gode ba yadda ya kamata.

Jarrabawar farko, shida bisa ashirin.
Ya ce zai koma, albasa ba ta tambayar sunan jijiya,
kuma bijimin da baba ya sayar
da yana nan da ya yi huɗa bana.
Ban yi wa'azi ba.
Na zaro tawa daga ƙasan akwati,
huɗu, da jan biro, an ja layi biyu ƙarƙashinta.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, ashe na fi ka.

Jiya a Lamorde wata tsohuwa ta juya mini baya,
na yi tambaya bakwai, bango ya amsa.
Harisu, da na kawo don kallo kawai,
ya tsuguna, ya tambaye ta ko ruwa ya sauka garinsu,
ko gero ya kai gwiwa.
Ta yi magana har ta kai ga ciwon.
Sannan ta miƙa masa hannu,
ya sa yatsu daidai inda muke ajiye dabino.

Ni ina tsaye da farar riga,
ina rubuta abin da yake faɗi.