Wutar Alli

A makarantarmu ta bayan Ƙofar Sauri
kwaɗo ne a ƙofar ɗakin kimiyya,
kwaɗon da bai san ruwa ba.
Famfon ya ƙafe tun muna aji ɗaya.

Da alli Malam Sallau ya hura mana wuta,
ya ɗora kwalba a kanta,
ya ce, "Ku duba, ta fara tafasa."
Muka duba.
Wallahi har Rumasa'u ta ja baya.

Ran da aka manna sakamakon aji shida,
bakwai muka haye
cikin sittin da uku.
Malam ya bi sunaye da farin yatsansa,
ya tsallake namu,
yana ƙirga sauran a hankali.