Saura Kwana Goma Sha Tara

Na rubuta da gawayi a bangon shagona,
ƙasan bashin Ɗan'ige na wata huɗu.
Kowace safiya in goge da babban yatsa, in rage ɗaya.
Bashin dai yana nan inda yake.

Shagon caji ne, bakin tashar Talata Mafara,
wayoyi sittin kwance a kan katako
kamar kifin da aka shanya, kowanne da igiya a baki.
Janareto na tari, ni ina kan tallar nan.
Minti biyu da rabi ce duka-duka,
na kalle ta har na san inda ganga ke yin shiru
kafin ƙofar dutse ta buɗe.

Wasu mutane can Japan,
da ba su taɓa jin sunan Mafara ba,
sun haƙa mini rami, hawa talatin zuwa ƙasa.
Rubutunsu sawun kaji ne bayan yayyafi,
ko harafi ban iya ba,
amma na gane dodon hawa na uku:
ido ɗaya, wuyan raƙumi,
yana taku ɗaya in ka yi taku ɗaya,
ya tsaya in ka tsaya,
kamar mai bin ka bashi a ranar kasuwa.

Inna ta leƙo da kwanon fura.
"Mi kaka jira haka, kamar mai duban wata?"
Na ce wasa ne.
Ta dubi gemuna, ta ajiye kwanon, ta fita.

Kuɗin data na cikin gwangwanin tumatir,
ɗari biyu, ɗari biyar, wata ta sha manja.
Ta dare zan saya, mai araha,
in zauna da sauro daga sha biyu har kiran assalatu,
tsohuwar kwamfutata na huci a kan cinya.
Na tanadi littafin lissafi mai gidajen dara
da fensir biyu:
taku ɗaya, gida ɗaya,
nan bango, nan tarko, nan rijiya, nan na mutu.

An ce mutum biyar ke shiga,
kai za ka raɗa musu suna.
Na gama raɗawa tun kafin a haife su.
Basharu a gaba da garkuwa,
ko da yake yana Legas yana kabu-kabu.
Luba mai magani, tunda jinya take karantawa a Gusau.
Nafi'u da baka, shi da bai taɓa samun ko kurciya da danƙo ba.
Ni a baya, riƙe da taswira.

Na biyar Zayyanu.

Shi bai jira Japan ba.
Ya tafi wajen Anka da damina,
ramin zinare, igiya a ƙugu,
tocila ɗaure a goshi da robar taya.
Can babu taswira,
babu layar da ke ɗauko ka ta dire a gari,
ba a cewa a sake daga farko.
Yakan hau tudu ran Juma'a ya kira ni,
tambayarsa ɗaya: "Ya fito?"
In ce saura kaɗan.
Ya ce, "Kada ka shiga ba ni."

Akwai wata lamba a bangon, can kusa da ƙofa,
ita ba gogewa nake ba, ƙari nake.
Yau ashirin da uku bai kira ba.

Wani ya miƙo kati, na ba shi wayarsa, ya ba ni hamsin.
Na sake danna tallar.
Ganga ta yi shiru, ƙofa ta buɗe,
mutum biyar suka sauka da fitila ɗaya.
Na tsayar da hoton daidai nan,
na ƙirga su da yatsa mai gawayi.