Sikelin da Ke Lungu

Kafin a ce da shi gidan zane
sito ne na auduga, bayan Ƙofar Ƙaura.
Ubana ya yi awo a nan shekara goma sha tara
har tari ya mai da shi gida.
Ni na gaji makullin.

Abin da aka fara ratayewa
ƙyauren bayan wata babbar mota ne
da ta kife a hanyar Jibiya.
Sallau mai fenti ya zana mata zaki
yana shan shayi da akuya,
a ƙasa ya rubuta: Sannu ba ta hana zuwa.
Direban dai bai karanta ba.

Lantana ta kawo nata a naɗe a ka,
yadi kamu shida, shuni tun daga sama har ƙasa,
sau goma sha ɗaya ta tsoma shi a karofi.
Ta ce sunansa Rijiya.
'Yan makaranta kan ce, to ina zanen?
In ce su matso, su tsaya.
In sun daɗe a tsaye sai surutu ya mutu,
wani ma har ya ja da baya
kamar mai tsoron faɗawa.

Akwai zalɓe na sarƙar babur da cokula,
ƙafa ɗaya, shekara bakwai bai gaji ba.

Daminar da kwanon rufi ya yoye
ruwa ya bi bango ya sauka
kan kasuwar Charanchi da Malam Rabe ya zana,
ya bar tabo sama da rumfunan 'yan barkono.
Baƙi daga nesa sukan nuna wurin, su ce
kai, dubi yadda ya haɗa hadari!
Ba na tanka musu.
Ni na tara bokiti a daren.

Littafin ajiya ya ce ɗari da arba'in da uku.
Bai ƙirga sikelin da ke lungu ba,
wanda ƙato huɗu suka kasa ɗagawa aka bar shi.
Jiya wata yarinya mai tabarau ta zagaya shi sau biyu
ta ce, Baba, wannan aikin wane ne?
Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara.
Na ce, na Tanimu ne.
Ta rubuta a takardarta.

Da na kashe fitilu bayan la'asar sakaliya
na hau kansa da takalmana.
Allurar ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya.
Har yanzu ba ya cin awo.