Kuɗin Haya

Wata huɗu Tjeerd bai biya ni haya ba.
Da can shanu yake zanawa,
shanu a makiyaya, ciyawa har gwiwa,
matan attajiran Leiden na rububi.
Sai aka wayi gari ya kwashi koren fentinsa
ya tuttule a magudanar bayan gida.
Kwana biyu agwagi na iyo cikin tsanwa.

Ya ce, "Uwar ɗakina Aaltje, kore ɗa ne,
shuɗi ya haifa, rawaya ta goya.
Ni iyayen nake nema."
Na ce iyayen ba sa sayen gawayi.

Ya shafe ɗakin da fari har ƙafar kujera,
ya ba tagar da ke kallon bishiya baya.
Dare ya raba, ina jin takunsa bisa kaina,
uku gaba, biyar baya,
shiru,
sai rula ta faɗi.
Mako guda a kan layi ɗaya:
ya gusa shi faɗin farce, ya mayar.

Ran da jirgin ƙasan Faris ya tafi da shi
ya bar min allo jingine da murhu.
Baƙaƙen layuka sun gitta juna,
ja ya hakimce a kusurwa kamar mai gida,
shuɗi ɗan mitsitsi can nesa da shi,
rawaya a gefe, rabinta waje,
kamar yaron da ke leƙen ɗakin baƙi.
Saura duk fari. Farin ma iri uku ne,
sai da na shekara na lura.

Na rataye shi inda danshi ya ɓata bango.
Ƙanena Siebren mai gyaran keke ya yi dariya,
wai an biya ni da tsumman goge kwano.

Bana shekara tara.
Da safe, kafin ruwan kofi ya tafasa,
nakan tsaya gabansa.
Akwai layi guda da bai kai baki ba,
saura faɗin ɗan yatsa ya ja birki,
a hannun mutumin da ke auna har numfashinsa.
Nan idona ke zuwa ya huta.

Jiya wasiƙarsa ta iso, ko sisi babu ciki,
sai tambaya ɗaya: jan yana sama?

Yana ƙasa, tun ranar farko.
Ban ba shi amsa ba tukuna.
Ƙusar ma ta yi tsatsa.